BANKIN ƘAUYE DA RUMBUN MANOMI: DA WACE TIYA ZA A AUNA?

  

Ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa yana kan bankunan ƙauye, watau asusun ajiya da bashi da ake buɗewa a garuruwan karkara, da bankunan cimaka, da ƙungiyoyin mata masu akwati, da duk wani tsari da aka kafa da sunan taimakon ƙaramin manomi ta hanyar kuɗi ko hatsi. Da wuya ka sami gari mai kasuwa a jihar Maraɗi ko Damagaram ko Tawa wanda ɗaya daga cikin waɗannan bai taɓa shiga ba. Wasu sun daɗe suna aiki, wasu sun mutu sun bar allo a bakin hanya. Abin tambaya shi ne: manomin da aka ce dominsa aka yi, ya ƙaru ko ya ragu? Kuma ta yaya jama'ar gari za su gane? Da yake ribar ciniki da riba ta haram sun yi kama a rubuce, a nan za mu kira ta haram da sunan da kowa ya sani, watau kuɗin ruwa.

Masu bankunan suna da amsarsu a shirye. Sukan ce mun ba mutum kaza bashi, mun raba miliyan kaza, kuma kusan duk bashin ya dawo. Wannan lissafi yana da amfani a wurinsa, sai dai lafiyar banki yake nunawa, ba ya faɗin komi game da rumbun manomi. Wani ya karɓi jika 50, ya sayi rago ya turke, ya sayar gab da Sallar Layya, ya biya, ya rage abin sa wa aljihu. Wani ya karɓi jika 50 ɗin nan, ciwo ya shigo gida, kuɗin suka ƙare a magani. Ranar biya ta zo, don gudun a kira sunansa a bainar jama'a ya kama akuyar matarsa ya kai kasuwa, ko ya jinginar da gonar gado, ko ya ranto wurin ɗan kasuwa ya toshe. A littafin banki su biyun duka "ya biya" aka rubuta musu.

Abin da ya gabata

Maganar ba sabuwa ba ce a ƙasarmu. Tun zamanin Nasara an tilasta wa talakawa zuba hatsi a rumbunan tsimi na hukuma, kuma ba a so su ba, domin hatsin na talaka ne amma izinin buɗewa na wani ne. Bayan samun mulkin kai aka kafa UNCC a 1962 don haɗa manoma cikin ƙungiyoyin haɗin gwiwa, sannan aka kafa asusun bashin noma na CNCA a 1967. An ba da iri da taki da garmar shanu da amalanke bashi, gari ya tsaya wa ɗan gari. Fari na 1973 da na 1984 suka zo, bashi ya taru ba biya, mutane da yawa kuma suka ɗauke shi kuɗin gwamnati ne, wanda ba na kowa ba. CNCA ta durƙushe a shekarun 1980, bankin raya ƙasa na BDRN ya bi bayanta a 1990. A cikin wannan giɓi ne ƙananan asusu na gari suka fara tsirowa da tallafin ƙungiyoyin waje. A Nijeriya ma lokacin ne gwamnatin Babangida ta fito da bankunan al'umma, aka buɗe na farko a Kaduna a ƙarshen 1990. Da yawansu suka rufe, waɗanda suka rage kuma aka sake musu tsari da suna bayan 2005. A duniya kuwa sunan da ya fi tashi shi ne na bankin Grameen na ƙasar Bangaladash, wanda Muhammad Yunus ya kafa a 1983, har aka ba shi da bankin kyautar Nobel a 2006. A waɗannan shekaru an yi ta shela cewa ƙaramin bashi shi ne maganin talauci.

Ciwon manomi

Kafin a auna magani sai a san ciwo. Ƙaramin manomi a ƙasarmu damana ɗaya gare shi, ta wata 3 zuwa 4, kuma da ita zai ci shekara. Da kaka hatsi yakan cika kasuwa, farashi ya faɗi, kuma a daidai lokacin ne buƙatu suke taruwa a kansa: haraji, kayan makarantar yara, auren da aka jinkirta, da bashin da aka ci da damana. Sai ya sayar da arha. Daga watan Yuni zuwa Agusta rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma kasuwa ya sayi irin hatsin da ya sayar, da tsada. Wanda ba shi da abin saye sai ya bar gonarsa ya tafi barema a gonar wani don ya samo tiyar da za a daka da dare, alhali ciyawa tana cin tasa. Gonar da ba a nome ta kan lokaci ba ba ta ba da abin kirki, kakar baɗi ta fi ta bana ƙaranci, haka abin yake zagayawa. Shekara ta 2005 ta nuna mana inda wannan hanya take kaiwa. Bayan fari da fara na 2004, buhun hatsi ya haura jika 25 a kasuwanni da yawa, kuma jihar Maraɗi, wadda take cikin manyan masu noma, nan aka fi kwantar da yara masu tamowa. Abinci yana kasuwa, kuɗin saye ne babu.

To, mu ɗauki misali. Adadin na misali ne, kowa ya sa farashin kasuwar garinsu a madadinsa. Manomi ya nemi bashin jika 50 a watan Mayu don taki da iri, zai biya a Nuwamba, da ruwa kashi 2 cikin 100 kowane wata. A baki abin ba shi da yawa, jika 6 ke nan a wata 6. Amma an riƙe jika 5 ajiyar dole, an cire jika 1 kuɗin takarda, ya kashe jika 2 kuɗin mota zuwa gari da dawowa. Abin da ya isa gona jika 42 ne. Ranar biya zai kawo jika 56, a maido masa da biyar ɗinsa daga baya. Watau ya yi aiki da 42 ya biya 51, ƙarin jika 9 cikin rabin shekara, wanda ya haura kashi 40 cikin 100 a shekara. Wannan ɗaya ke nan, kuma na biyun ya fi shi ciwo. Da me zai biya 56 ɗin? Da hatsi, a watan da hatsi ya fi arha. In buhu jika 14 ne, buhu 4 za su fita daga rumbu. Waɗannan buhuna 4, in a watan Yuli buhu ya kai jika 24, kuɗinsu jika 96 ne. Ga jika 40 sun tafi, ba a rubuta su a littafin kowa ba. Hukumomin kuɗi na ƙasashen Afirka ta Yamma masu sefa sun sa wa ruwan ƙananan asusu iyaka, kashi 24 cikin 100 a shekara daga 2014, amma ko an kiyaye iyakar, ba ta ga kuɗin mota, ba ta kuma ga farashin kaka. In damana ta yi kyau, takin ya ƙara masa buhu 6 ko 7, ya tsira da wani abu. In ruwa ya ɗauke a watan Agusta, takin ya ƙone shukar, bashi kuwa ba ya jin labarin fari.

Yadda masu bincike suka auna

Akwai kuskuren da ake yawan yi idan baƙi suka zo duba aiki. Sai a kawo musu matar da ta fara da tallan ƙosai, yau ga ta da injin niƙa. Labarinta gaskiya ne, amma ba hujja ba ne. Banki tun farko mai himma da ɗan abin hannu yake zaɓa, kuma irin wannan mata wataƙila ko ba banki za ta ci gaba. In shekarar ta yi albarka, kowa ya ƙaru, da mai bashi da marar bashi. Waɗanda suka fita daga ƙungiyar da kunya kuwa ba a kiran su taro. Manomi ya san maganin wannan ruɗu a gonarsa: in yana son ya gane amfanin taki, sai ya zuba a rabin gona ya bar rabi, ruwa ɗaya, iri ɗaya, da kaka ya ƙirga dammunan kowane ɓangare. Haka masu bincike suka yi da garuruwa. Sukan tara ƙauyuka masu kama da juna, a yi ƙuri'a, wasu a kai musu asusu, wasu a jinkirta musu, bayan shekara 2 ko 3 a shiga gida gida a gwada.

A 2015 an buga sakamakon bincike 6 irin wannan a tare, daga Bosniya, Habasha, Indiya, Meziko, Mongoliya da Maroko. Biyu daga cikin masu aikin, Abhijit Banerjee da Esther Duflo, sun sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019. Abin da aka gani ya yi kusa da juna a ƙasashen duka. Sana'o'i sun ɗan faɗaɗa, musamman na waɗanda dama suke da sana'a, amma kuɗin shiga da abin da gida yake ci, in an haɗa kowa da kowa, bai ƙaru ƙaruwar a zo a gani ba. Ba a kuma ga cewa yawancin mutane sun cutu ba. A karkarar Maroko, masu bashi sun ƙara dabbobi da aikin gona, sun sami riba, amma sun rage zuwa ƙwadago, sai ƙaruwar nan da raguwar can suka cinye juna. Wani abin lura kuma, da aka kai bashin har ƙofar gida, yawancin mutane ba su karɓa ba. Inda aka sake wa masu ba da bashi linzami kuwa an ga sharri ƙarara: a jihar Andhra Pradesh ta Indiya, a 2010, an yi ta ɗora wa mutum ɗaya bashi kan bashi, masu karɓa suka matsa wa mutane, aka sami rahotannin masu kashe kansu, har gwamnatin jihar ta sa doka ta taka musu birki.

Amma akwai bincike 2 da suka fi kusa da halinmu. A yammacin Kenya an ba manoman masara bashi da kaka, a lokacin da suka saba sayarwa da arha. Suka riƙe masararsu, suka rage saye da tsada daga baya, kuma lissafi ya nuna kowace 100 da aka ranta ta jawo ƙarin 29. Inda masu bashin suka yi yawa, farashin kaka bai faɗi sosai ba, har waɗanda ba su karɓa ba suka amfana. A gabashin Zambiya an ba manoma kuɗi ko masara a watannin yunwa, a biya bayan girbi. Suka rage zuwa barema, suka nome gonakinsu, amfanin gona ya ƙaru, ladan ƙwadago ma ya hau saboda masu nemansa sun ragu. Waɗannan basussuka da ruwa aka ba da su, kuma ba ruwan muke yabo ba. Fa'idar da za mu ɗauka ita ce, kuɗi ɗaya ne, amma watan da aka ba da shi da watan da aka karɓe shi su ne suka raba mai amfani da marar amfani.

Akwatin mata

Tsarin ajiya da ya fi yaɗuwa a karkarar Afirka daga ƙasarmu ya fito. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aikin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, ta gina shi a kan adashin da iyayenmu mata suka sani tun da. Mata 20 zuwa 30 su haɗu kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yi yarjejeniya a kai, ko da dala 20 ce. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo 3, mabuɗai a hannun mata 3, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. A ba mai buƙata rance daga ciki, shekara ta zagayo a fasa a raba. Ba kuɗin waje ko dala ɗaya. Daga nan tsarin ya bazu ƙasashe da dama, mutane miliyoyi suka shiga.

An auna irinsa a ƙauyuka 500 na yankin Segu a ƙasar Mali, tsawon shekara 3. Ba a ga mutane sun yi arziki ba. An dai ga ajiya ta ƙaru, dabbobi sun ƙaru, kuma gidaje sun fi samun abin ci a watannin wahala. Wani binciken a Gana da Malawi da Yuganda, wanda aka buga a 2017, ya ga sana'o'in gida sun ƙaru, mata sun ƙara samun ta cewa a gida, amma abin da ake ci bai sake ba. Mai neman labarin mamaki zai raina wannan. Ni kuwa ina ganin gidan da ake ɗora tukunya a watan Agusta ba tare da an sayar da akuya ba ya sami abu babba.

Akwatin yana da rauni. Ƙarami ne, kuma duk matan wata ɗaya suke buƙata, in fari ya zo ya same su tare. Sannan ga ruwa: ƙungiyoyi da yawa kashi 10 cikin 100 suke ɗorawa a wata. Wasu sukan ce ai mu muke biya mu muke rabawa, ina laifi? Amsa ita ce, rancen da aka sharɗanta masa ƙari haramun ne ko wa zai ci ƙarin, kuma wannan yana cikin abin da ɗalibi yake karantawa a babin ciniki na Risala. In an duba da kyau ma za a ga ba mai biya ce mai ci ba. Wadda ta fi talauci ita ta fi ranta, wadda ta fi zubi ita take ɗaukar kaso mafi girma ranar rabo. Hanyar fita tana nan kusa: akwati ya sayi gujiya ko wake da kaka ya ajiye ya sayar, ko ya sayi rago ya mallake shi sannan ya sayar wa mai turka bashi da farashi sananne, ko a yi ƙiradi, jari daga akwati, aiki daga mace, a raba riba bisa kason da aka ambata. Rancen ciwo da haihuwa kuwa a bar shi rance, a maido abin da aka karɓa.

Jinginar hatsi da bankin cimaka

Tsarin da ma'aikata suke kira warantaji ya shigo ƙasarmu a ƙarshen shekarun 1990 ta wani aikin hukumar abinci ta duniya, FAO. Da kaka manoma su zuba buhunansu a ma'ajiya ɗaya, kowane buhu da sunan mai shi, a sa kwaɗo 2, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiyar manoma, ɗaya wurin asusu. A ba kowa rancen abin da ya kai kashi 70 ko 80 cikin 100 na kuɗin hatsinsa a farashin ranar. Ya yi noman rani ko turka ko ƙaramin ciniki da shi, bayan wata 5 ko 6 ya biya, a buɗe ma'ajiya, ya ɗauki hatsinsa a lokacin da ya yi daraja, ko ya ci ko ya sayar ya sayi taki. Cikin duk tsare-tsaren nan wannan ne ya sa hannu daidai kan ciwon da muka ambata. Har da wani amfani da ba a faye faɗi ba: hatsin da ke bayan kwaɗo 2 ya tsira daga bikin maƙwabci da roƙon dangi da hannun mai gida kansa.

Jingina halal ce. Aya ta 283 a Suratul Baƙara ta ambace ta, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude a kan sha'ir sa'i 30. A mazhabar Malikiyya jingina ba ta cika sai ta fita daga hannun mai ita zuwa hannun mai bin bashi ko wani amintacce da suka yarda da shi. Kuɗin ajiya da ake biya kan kowane buhu haya ce, babu laifi in na gaskiya ne, bai hau da hawan rance ba. Wanda ya ajiye amfanin gonarsa kuma ba ya cikin masu ɓoye abinci da aka tsawatar musu. Matsalar tana wuri ɗaya, ruwan da ake ɗorawa kan rancen. A kuma tuna, zakkar hatsi ana fitar da ita kafin buhu ya shiga ma'ajiya, domin a wurin Malikiyya bashi ba ya sauke zakkar amfanin gona.

Amma fa ba kowace shekara farashi yake hawa ba. In gwamnati ta fitar da hatsi da rahusa, ko aka rufe iyaka kamar yadda Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ko naira ta faɗi, mai wake yana iya buɗe ma'ajiya ya tarar da farashin da ya bari. Ƙwari ma suna yi wa wake ɓarna in ba a sa shi a buhu mai ruɓi uku ba. Babban abin dubawa shi ne, sai mai buhu ne yake jingina. Wanda hatsinsa ya ƙare tun watan Janairu ba shi da abin kaiwa, kuma shi ne ya fi kowa buƙata.

Domin irinsa aka yi bankin cimaka, wanda ya yaɗu a Sahel bayan farin shekarun 1970: a sayi hatsi da kaka, a sayar wa ƴan gari da sauƙi da damana. Dabarar tana tuna mana da shawarar da Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ba Sarkin Masar. Amma da yawa sun mutu, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne: an ba da hatsi bashi bai dawo ba, an sayar ƙasa da kuɗin saye don a faranta wa mutane, ko ƴan kwamiti sun ci amana. Ta fuskar hukunci, ba da tiya 10 da damana a karɓi 12 da kaka kuɗin ruwa ne tsantsa, ko da sunan gari aka yi. A ranta 10 a karɓi 10, ko a sayar da kuɗi hannu ko bashi. In an sayar bashi kuwa, Malikiyya sun hana a karɓi abinci a madadin kuɗin abincin, sai dai mai bashi ya kawo kuɗi. Ƴan kwamiti su nemi malamin garinsu ya zauna da su kan wannan mas'ala tun kafin a buɗe ma'ajiya.

Tsakanin falle da salam

Ɗan kasuwar ƙauye yana da nasa banki tun da daɗewa, shi ne abin da wasu suke kira falle: ya ba manomi kuɗi a tsakiyar damana, da kaka ya karɓi dammuna ko buhuna a farashin da ya ga dama. Shari'a tana da ciniki mai kama da wannan a siffa, shi ne salam. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna biyan kuɗin ƴaƴan itace tun kafin su nuna, bai hana su ba, sai ya sharɗanta sanin mudu da nauyi da lokaci. Imamu Malik ya yarda a sa lokacin girbi ya zama ajali. Ba a ɗaure cinikin da amfanin wata gona guda, kuma mai saye ba ya sayar da abincin kafin ya karɓe shi. In kaya ba su samu ba, ko ya jira ko ya karɓi kuɗinsa ba ƙari.

Asusun gari yana iya yin salam da adalci, ya biya manomi a watan Mayu kuɗin waken da zai kawo a Nuwamba, ya ajiye, ya sayar da bazara, ribarsa ta fito daga ciniki, hatsarin kasuwa kuma yana wuyansa. Bankunan Sudan sun yi aiki da salam a noma tun shekarun 1990, kuma da aka ga farashin kaka yana nisa da wanda aka yanka, sai aka shigar da sharaɗin gyara farashi don kada a cuci ɓangare ɗaya. Wannan ya nuna cewa ingancin siffa bai isa ba. Mutumin da yunwa ta kora zai yarda da kowane farashi, kuma wanda ya matse shi a wannan hali sunan salam ba zai wanke shi ba.

Sai tambayar da masu asusu sukan jefo, kuma tambaya ce ta gaskiya: in ba ruwa, wa zai biya magatakarda da kwaɗo da asarar wanda ya kasa? Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta karɓar kuɗin hidimar rance gwargwadon abin da aka kashe na gaskiya, ba ƙari. An kuma gwada a aikace. Ahmad an-Najjar ya buɗe asusun ajiya marar ruwa a garin Mit Gamr na Masar a 1963. A Pakistan ƙungiyar Akhuwat, wadda Dokta Amjad Saƙib ya kafa a Lahor a 2001, tana ba da rance ba ruwa daga sadakar mutane, kuma a masallatai take raba shi. A yankinmu babban banki na BCEAO ya fitar da ƙa'idojin aikin kuɗi na Musulunci a 2018, har da na ƙananan asusu, don haka ba wanda zai ce doka ce ta hana. Jari yana iya fitowa daga sadaka da waƙafi. Zakka kuwa, a wurin mafi yawan malamai, mallaka ake ba masu ita, ba a maishe ta jarin bashi, amma wanda bashi ya danne yana cikin masu haƙƙi a cikinta.

In jama'a za su auna nasu

Ba sai an jira masu bincike daga waje ba. Lokacin awo watan Agusta ne, domin da kaka kowa mai arziki ne. A zaɓi dattawa 2 ko 3 da mata 2 waɗanda ba sa cikin kwamiti, su zaga gidajen masu bashi da gidajen da ba su karɓa ba masu kama da su a gona da iyali. Su tambayi wane wata hatsi ya ƙare, kwana nawa mai gida ya yi barema kafin ya gama noman farko, dabba nawa ke turke bara, nawa bana, an jinginar da gona ko ba a jinginar ba. Tambaya mafi muhimmanci ita ce da me aka biya bashin. Mata su tambayi mata a ɗaki, domin sau da yawa sunan mace ne a littafi, kuɗin kuwa miji ya karɓe, ranar biya ita ake nema. A nemi waɗanda suka fita a ji dalilinsu. Sannan a buɗe littafi a karanta sunayen mutum 10 da suka fi kowa riƙe bashi. In aka tarar ƴan kwamiti ne da ƴan'uwan mai gari da manyan ƴan kasuwa, to ajiyar talakawa ce take hawa sama, kuma wannan asusu ya kusa rufewa ko da allonsa sabo ne.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da sa shaidu ta sauka, kuma kafin ta kaɗan, a aya ta 280, an yi umurni da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Don haka tun ranar kafa asusu a rubuta abin da za a yi in fari ya zo, kada a bari sai ya zo a fara gardama. A riƙa karanta lissafi a fili sau 2 a shekara, da Hausa, a ƙirga kuɗi da buhuna a gaban mutane. Shawarata ga limamai ita ce su zama shaidu da masu sulhu, su bayyana hukunci, amma kada su riƙe mabuɗi ko akwati. Asusu yana iya karyewa ko ba a ci amana ba, kuma in ya karye a hannun liman, waɗanda kuɗinsu ya salwanta za su daina bin sa salla, sahu ya rabu biyu a kan abin da ma'aji da magatakarda ne ya kamata su amsa tambayarsa.